Tsarabar da na kawo daga Sifen

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata na raya mini abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Har yau in na ji ƙamshin kirfa sai in ga kaina a wani ɗan shago a birnin Granada na ƙasar Sifen. Shekarar da aka fara Shari'a a jiharmu ke nan. Babana fatu yake fatauci a Kaura Namoda, wani Baturen da ke sayen jar fatar akuya a wurinsa ya gayyace shi da iyali. Muka tafi ni da shi da Inna da ɗiyar baffana, bari in kira ta Yaya Rabi. An tafi da ita ne don ta iya Larabci, mai yi mana jagora kuwa ɗan Maroko ne.

Kwana goma na yi kamar a mafarki. Na ga masallacin Ƙurɗuba da ginshiƙansa masu ratsin ja da fari, da itatuwan lemu a farfajiyarsa. A jar fadar Granada na zauna gefen ruwa ina rubuta waƙa, ina kallon sunan Allah a sassaƙe jikin bango har na yi hawaye. Abinci kuwa taka-tsantsan muka yi, don ko'ina cinyoyin alade ne a rataye. Kifi da shinkafa, burodi da tumatir da man zaitun, shi ke nan. Inna har cokalinta take yawo da shi a jaka.

Ranar dawowa na ga wani biskit a naɗe ɗaya-ɗaya cikin takarda, mai narkewa a baki. Kun san mu da tsaraba, ba a tsallake gida. Na sayi kwali shida. Na raba a Kaura, na aika Shinkafi, mafi kyau na sa aka kai Zurmi gidan su wanda aka sa mana rana da shi, mahaifinsa liman ne.

Bayan mako biyu, a wani taron suna, Yaya Rabi ta fito da kwalin gaban mata, ta ce ta kai an karanta mata, da kitsen alade aka yi shi. Wata tsohuwa ta tofar da yawu ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi munka yi miki?" A wancan lokacin da kowa ke ji da addini, ku ƙiyasta. Mutanen Zurmi suka fasa auren. A unguwa sunana ya koma Mai Tsaraba. Ni kuwa har godiya na yi wa Yaya Rabi da ta gano mana, na ƙona littafin waƙoƙina, na ce ni na jawo.

Allah ya ba ni wani mijin, ina da 'ya'ya uku, na ɗauka abin ya wuce. Watan jiya muna gyaran ɗakin marigayi Baba muka sami kasetin bidiyon tafiyar, na kai aka juye mini a waya. Ga shagon, ga ni ina shinshina kwali ina murmushi. Ɗan Marokon ya matso ya yi wa Yaya Rabi magana da Larabci, yana girgiza yatsa. Yanzu ina jin Larabci. Cewa ya yi kada mu saya, akwai man alade ciki. Ta gyaɗa masa kai, ta juyo ta ce da ni, "Ƙanwata, ya ce su ne sunka hi daɗi, ƙara biyu ki kai Zurmi."

Na kira ta. Da fari ta musa, da na ce akwai bidiyo sai ta yi dariya, wai ƙuruciya ce, wai ban gaji da tone-tone ba. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Har yau ban san abin da na tare mata ba.

Yanzu ita ke karantar da matan aure a Islamiyyar unguwarsu, kuma saura kwana goma sha biyu bikin ɗiyarta. Bidiyon minti ɗaya ne. So nake in jefa shi a guruf ɗin dangi ranar kamu, lokacin da mata suka cika mata gida, ta ji yadda tsakar gida ke yin tsit. Na rubuta fassarar a ƙasa, na goge, na sake rubutawa. Abin da ke riƙe hannuna yarinyar ce, ni na yi mata kitson farko, kuma dangin angonta suna cikin guruf ɗin.

In tura, ko in jira a gama biki, ko in kai wa Baffa shi kaɗai? Masu cewa in yafe, ku ji wannan kafin ku rubuta. Baba bai ƙara barin azumin Litinin da Alhamis ba tun daga shekarar, har da ciwon suga ya kama shi likita ya hana. Na ɗauka son lada ne. Shekaranjiya Inna ta gaya mini gafara yake nema, don shi ya ɗauko kwalayen nan da hannunsa ya miƙa wa liman.