Sitikar Ɗakin Karatu

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin, haƙoran sun gama fitowa? Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar nan da ba ta jin magana.

Labarin da kika ji gaskiya ne. Ƙungiyar ma'aikata ta sayar da ginin, har da ɗakin karatun da nake tsaro tun kafin a haife ki. Wanda ya saya shaguna zai yi. An ce duk abin da ke da mai shi a kwashe kafin ƙarshen wata, abin da ya rage kuma mai sayen tsofaffin takardu zai zo da sikelinsa. Littattafan nan na kowa ne, shi ya sa ba wanda ya tsaya musu. Ɗakina kuwa kin san shi, in na shigar da kwali biyu sai in kwana a waje.

Don haka na bi shawararki, zan nema wa kowane littafi mai shi. Na je shagon buga takardu na bakin titi, matar da ke wurin ta buɗe mini samfurorin sitika a intanet, irin waɗanda ake mannawa a cikin bangon littafi. Uwata, mutane ba su da aikin yi! Akwai mai furanni, akwai mai jirgin ruwa, har da mai hoton mujiya sanye da tabarau. Wa zai kai mujiya gidansa? Na zaɓi marar ado. A sama an rubuta "Wannan littafi mallakin", sai layin suna, a ƙasa kuma "In an tsinta a mayar da shi", sai wurin adireshi. Ta tambaye ni wanne za ta sa, na ba ta na ɗakin karatu, don shi ne a bakina.

Ki gaida mutanen gidan. Allah ya yi miki albarka.

Babanki


Uwata,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, na kuma ji faɗan da kika yi mini a kan gwiwa. Ya sanyi a wajenku?

Na gama mannawa. Sunayen da hannuna na rubuta, don na san wanda kowane littafi ya fi sabawa da shi. Na gyaran injin mota na Dogo makaniki ne, yatsunsa ma na nan a shafuka da baƙin mai. Na tarihi duk na tela ne. Na kiwon lafiya na ungozoma. Na rubuta sunan tsohon direban nan a kan guda uku kafin in tuna mun yi jana'izarsa bara. Na daɗe zaune da biro a hannu.

Gida-gida nake bi da su a baro. Wasu sun ce ba su da wurin ajiya. Wata ta ce ɗanta a waya yake karatu yanzu, ta ba ni ruwa na sha na wuce. Waɗanda suka karɓa kuwa kallona suke kamar na ba su ajiyar ƙwai. Tela ya ce, "Malam, zuwa yaushe?" Na ce naka ne har abada. Ya kwashe da dariya ya ce, "Kai ɗin? Kai da ka taɓa bi na har shago saboda na ƙara kwana?"

Duk da haka kantoci sun fara yin fili, rabi ya tafi. Amma ba zan ɓoye miki ba, raina ba daɗi. Da na shiga na ga katako tsirara sai in ji kamar ni ake kwashewa.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki


Uwata,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya. Na ga samfurorin sitikar da kika turo, na gode, kada ki ƙara turo wasu, ba sauran abin da za a manna wa.

Sun dawo. Littattafan nake nufi.

Tun shekaranjiya aka fara. Ungozoma ce ta farko, ta ce ta ji za a rufe, ba ta so a rufe da kayan mutane a hannunta. Na nuna mata sunanta a jiki, ita kuma ta nuna mini adireshin da ke ƙasa. Dogo ya aiko da nasa a leda, har ya goge bangon. Wasu ba su jira na buɗe ba, na tarar da su jere a bakin ƙofa. Na yi ta bayani har muryata ta dushe, kowa sai ya ce, "Haba Malam, mu da muka san halinka." Ni na koya musu, Uwata. Shekara da shekaru ina faɗa a kan a dawo da littafi, ga shi sun ji, ba wanda ya ci amana ko ɗaya. Ban san ko in yi kuka ko in gode musu ba. Godiyar na yi, na karɓa, na mayar da kowanne kan kantarsa.

Gobe da safe mai sikeli zai zo. Ƙafata ba za ta sake zagaya unguwa ba, kuma ko ta zagaya na san abin da zai biyo baya. Ban taɓa jin na gaji irin na yau ba.

Tela ne na ƙarshe, da la'asar. Ya dire nasa a kan tebur, ya ce ya gama na biyu a cikinsu, sarkin da ke ciki ashe bai ji daɗin ƙarshensa ba. Sai ya tsaya yana duba kanta kamar kullum, ya ce, "To Malam, yau wanne za ka ba ni?" Na zaro masa mafi kauri na miƙa. Ya tambaya yaushe zai kawo, na ce mako mai zuwa, kuma kada ya kuskura ya ba wani, ni zai kawo wa a nan ɗakin.

Ki yi mini addu'a.

Babanki