Fuskar Mai Kwandon Tumatir

Ikara,
Farkon watan Maris.

Zuwa ga Yayata Selina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da masu jinyar da kike fama da su a ɗakin shan magani na Likoro. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya fara matsa mana. Clement yana makaranta a Zariya, ya ce in gaishe ki.

Na rubuto ne ban kira ki ba, don na san wayarki. In ta yi ƙara rabin unguwa ke taya ki saurare. Bobbo direba zai miƙa miki wannan ranar kasuwa.

Ki taya mu murna, Baban Clement ya samu aiki babba. Zumuntar mata sun gina zauren taro a cocinmu na wajen Gubuchi, sun ce ya yi musu mutum-mutumin mace ɗauke da kwandon tumatir, tsawon mutum sosai, a kafa a ƙofar zauren kafin taron bayan Ista. Kin san shekara da shekaru abin da yake yi bai wuce zakunan siminti na ƙofar gidajen masu hali ba, da tukwanen fure. Ranar da aka ba shi aikin ko tuwo bai iya ci ba.

To amma ni ce na ga ta kaina. Uwaisu mai walda ya haɗa masa ƙashin matar da rodi, shi kuma ya naɗe da ragar waya, ya kwaso yumɓu daga fadamar Furana ya jiƙa ya tattake, yana liƙawa kaɗan-kaɗan. Sai ya ce yana buƙatar mace ta tsaya masa ya riƙa dubawa. Wace mace kuma in ba ni ba? Kullum da hantsi ina tsaye a rumfarsa da gammo da kwando a ka, hannu ɗaya a sama. In na motsa ya yi tsaki, in na yi magana ya ce haƙarƙarina na motsi. Wuyana har yanzu ciwo yake yi. Amma gaskiya in na dubi matar ina jin daɗi, domin ni ce sak. Kafaɗata ce, da faɗin ƙuguna, har ɗan yatsan ƙafar nan nawa da ya hau kan ɗan'uwansa bai bari ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne lallashin da ake mata. Yumɓu ba ya son iska, in ya bushe kafin a ɗauki zubinsa, wato a kwafi siffarsa da filasta don a zuba siminti a ciki, ya tsage, aiki ya tashi a banza. Saboda haka safe da rana da yamma sai ya yayyafa mata ruwa, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙun zannuwana tsofaffi, ya rufe da leda. Yana yi yana mata magana ƙasa-ƙasa. Ni da na yi zazzaɓi bara, ko sannu sai da na roƙa. Na ce masa wata rana zan shafa laka a jiki ko a tambaye ni yaya na kwana. Ya yi dariya bai ko juyo ba.

Fuskar ce kawai ban gani ba. Ya ce shugabannin zumunta sun roƙi kada ta yi kama da kowa, don kada wata ta ce an fifita wata. Shi kaɗai yake yin ta bayan na tafi girki, ya ɗaure ta da tsohon ɗankwalina.

Ki gaida kowa da kowa. Ki aiko min da man zafin nan na wuya.

Ƙanwarki,
Serah.

Ikara,
Tsakiyar Maris.

Yaya Selina,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, man zafi ya iso, na gode. Na ga kuma abin da kika rubuta, wai in bar kishi da ƙasa. Ni ma da na karanta dariya na yi. Yau ba na dariya.

Shekaranjiya ya tafi wajen Uwaisu karɓo wani ƙarfe. Kazata ta shige rumfar, na bi ta. Ina tsaye gaban matar, ɗankwalin yana ɗigar ruwa, na ce bari dai in ga wannan fuskar da ba ta kama da kowa. Na kwance ɗaurin.

Yaya, ke ce.

Kada ki ce idona ne. Murmushi take yi, ga wushiryarki a fili. Ga tabon girarki ta hagu, na faɗowar da kika yi daga bishiyar gwaibar gidan Baba. Ga yadda kike ɗan karkata kai in ana miki magana. Wa ya san wannan tabon in ba wanda ya daɗe yana kallonki ba? Ni kaina da muka kwana ɗaki ɗaya tun muna yara, da an ce in faɗi ko a wace gira yake sai na tsaya tunani.

Ban taɓa ɗaga miki maganar nan ba, kuma ke ma ba ki taɓa ba, amma dukanmu mun san wajen wa Ilisha, Baban Clement, ya fara zuwa gidanmu. Ni ce mai kawo muku tabarma. Kika ce ba za ki auri mai wasa da laka ba, kika tafi makarantar jinya. Ya ci gaba da zuwa gaida Baba, ni kuma na ci gaba da kawo tabarma, har aka wayi gari ni ake zuwa gani. Ban taɓa jin cewa ragowarki na ɗauka ba. Na haifa masa ɗa, na daka masa busasshen yumɓu a turmina har turmin ya lalace, na jure maƙwabta suna kiran gidanmu gidan gumaka. Ashe duk shekarun nan jiki ne nawa. Ni zan tsaya a rana da kwando har wuyana ya sage, ke kuma kina Likoro a zaune, a ɗora fuskarki a kai.

Ba na zargin kin yi wani abu. Na san rabonki da shi tun jana'izar Baba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ko ganinki ba ya buƙatar yi.

Na mayar da ɗankwalin yadda na same shi. Da ya dawo na zuba masa abinci, ya ci, ya ce miya ta yi daɗi. Na kwashe kwanuka. In na tuna za a kafa ta a ƙofar zaure, matan Ikara da Makarfi da Kudan duk su wuce ta gabanta su gane ki, su juyo su dube ni, sai in rasa inda zan sa kaina.

Ki gaida yara. Ba sai kin nuna wa maigidanki wannan ba.

Serah.

Ikara,
Ƙarshen Maris.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma fata lafiya ce ta sa kika yi shiru. Bobbo ya ce kin karɓi takardata kin sa a aljihu, kin ce ba saƙo. Ban ga laifinki ba. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da na yi sai ke.

An kira Baban Clement Makarfi ya je ya kafa damin rake na siminti da ya yi wa wata makaranta, aikin 'yan kwanaki. Aikin yumɓun matar ya ƙare, saura ya dawo ya shafa mata filasta ya ɗauki zubi. Kafin ya tafi ya kama hannuna ya kai ni rumfa, ya nuna min bokiti da tsintsiyar yayyafi, ya ce safe da rana da yamma, kada in bari zanen ya bushe ko sau ɗaya, fuskar kuma in jiƙa ta ta kan ɗankwali ba sai na buɗe ba. Ya ce duk sunansa yana jikin matar nan. Na ce to.

Kuma na yi, Yaya. Ban taɓa tsallake lokaci ba. Na jiƙa ƙafafun, na jiƙa ƙugu da kafaɗu da hannun da ke riƙe da kwando, har wuya. Abin da yake nawa na kula da shi. Daga haɓa zuwa sama kuwa na cire ɗankwalina na wanke na shanya, na buɗe tagar da ke kallon yamma.

Kin san zafin Ikara a watan nan. Ranar farko fuskar ta yi fari-fari. Kashegari wata siririyar tsaga ta taso daga gefen baki ta nufi kunne. Ina shiga ina yayyafa wa jikina ruwa, ke kuma kina min murmushi kina tsagewa. Sau ɗaya na ɗaga tsintsiyar zan jiƙa ki, don na tuna ranar da kika goya ni daga gona da ƙaya ta soke ni. Sai idona ya faɗa kan tabon girar, na sauke hannuna.

Yau da safe na tarar da hanci da leɓen sama a ƙasa. Na share su na zuba a ramin yumɓu. Na zaci zan ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Gobe yake dawowa, Ista kuma ta matso. In aikin nan ya lalace, ba wanda zai sake ba shi ko tukunyar fure a ƙasar nan.

Ki yi min addu'a, in za ki iya.

Ƙanwarki,
Serah.

Ikara,
Bayan Ista.

Zuwa ga Yayata Selina,

Barka da Ista, da fatan kun yi biki lafiya, ke da maigida da yara. Na samu 'yar takardarki. Layi biyu ne, amma na karanta har ta yi laushi. Kin ce ke ba ki roƙi a tuna da ke ba, kuma har gobe ni ƙanwarki ce. Na gode. Ga yadda aka ƙare.

Da ya dawo ko jakarsa bai ajiye ba ya wuce rumfa. Na bi shi na tsaya a ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa kafaɗa ya ji ta a jiƙe, ya taɓa goshi ya ga yana marmashewa, ya dubi tagar. Ba sai an gaya masa ba. Ya tambaye ni dalili, murya ƙasa. Na ce ya fi ni sanin fuskar wa ya ɗora a jikina, na kira sunanki, na lissafa masa wushirya da tabo.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa rantsuwa da ƙarya. Sai ya ɗauki ɓallin goshin da ya rage, mai girar, ya juya shi a hannu. Ya ce, "Allah ya sani ban san ita ce ba sai yanzu da kika faɗa." Kuma na ga gaskiya yake faɗi. Da ya yi da gangan ne da na san abin da zan yi da shi. Wannan kuwa hannunsa ne ya yi, ban san wa zan kai ƙara ba.

Bai zage ni ba. Ya kankare abin da ya saura har ragar waya ta fito, ya kwaɓa sabon yumɓu, ya jawo kujera ya ajiye a inda haske ke faɗowa, ya ce in zauna. Na ce ai an ce kada ta yi kama da kowa. Ya ce lokaci ya ƙure, ba shi da wata fuskar a kusa.

Yaya, tun da aka ɗaura mana aure mutumin nan bai taɓa kallona kamar yadda ya kalle ni a kwanakin nan ba. Tun safe har rana ta karkata idonsa na kaina. Yakan taso ya sa babban yatsa ya bi ƙashin kumatuna, ya koma ya bi na yumɓun. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, amma ina zaune ne da haushinsa da haushinki da kunyar abin da na yi, duk a cikina. Bai ce in yi murmushi ba, ni ma ban yi ba. Da ya gama ya rufe, ya ɗauki zubi, ya zuba siminti. Ban nemi gani ba, don wannan karon tsoro nake ji.

Ranar Asabar aka kai ta Gubuchi a bayan akori-kura, aka kafa. Da Fasto ya yi addu'a aka yaye zanen, mata suka yi guɗa, sai guɗar ta ɗan tsaya. Ni ce, ba mai musu. An tsuke baki, an haɗe gira, ido ya ɗan karkata gefe kamar mai leƙen abin da ke cikin kwanon wata. Wata tsohuwa a bayana ta ce wannan baiwar Allah ko an taya tumatirinta da arha ne. Aka yi dariya, har da shugabar zumunta, ta ce ai haka fuskar mai ɗaukar kaya take, sun karɓa. A hanyar dawowa na tambaye shi don me ya yi min haka. Ya ce abin da ya gani ya yi.

Aiki dai ya tsira, har wani coci a Kudan ya aiko yana nemansa. Muna gaisawa, muna cin abinci tare. Ɓallin girar nan kuwa bai mayar da shi ramin yumɓu ba. Yana kan taga, ban taɓa ba, ban kuma tambaya ba.

An ce sunanki na cikin masu zuwa taron zumunta mako mai zuwa. Don Allah ki zo, ki sauka a wurina, na gyara miki ɗakin Clement. In kin iso zauren ba sai kin nemi inda nake ba, ina bakin ƙofa da kwando a ka. Siminti ne, Yaya, an ce zai fi mu daɗewa. Ki daure ki dube ni, haka nake kallonki tun ina kawo muku tabarma.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki har kullum,
Serah.