Ƙorafi Kan Feshin da Za a Yi wa Randunan Gyarena

Zuwa ga Shugaban Ma'aikatan Duba-gari,
Shiyyar Cikin Birni, Zariya.
Ta hannun Mai Unguwa.

Daga Malam Bahago Labaran,
Tsohon magini, Ƙofar Kuyambana.

21 ga Agusta, 2023.

Game da: Takardar gargaɗin da aka ba ni kan ƙudaje da tsutsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina gabatar da kukana. A yi haƙuri da rubutuna, karatun bokona bai yi nisa ba.

1. Shekara huɗu ke nan ina kiwon gyare a randa biyar cikin zaurena. Ba don ci ba, ba don magani ba. Hawainiya uku gare ni, kuma hawainiya ba ta taɓa abin da ba ya motsi. Kallon yadda suke juya ido ɗaya gabas ɗaya yamma shi ne abin da ya rage mini tun da gwiwa ta hana ni hawa katanga.

2. Ranar 17 ga wannan wata, jami'inku Malam Zulkiflu ya leƙa randunan, ya toshe hanci, ya ba ni kwana bakwai. In ya dawo ya tarar da tsutsa, za a yi feshi. Ban musa ba, tsutsa akwai ta. Randa biyu sun riga sun lalace, gyaren ciki sun mutu, ƙudaje kuwa har cikin gemuna. Amma bai tambaye ni mafarin abin ba, ya rubuta cewa gyare ne ke kawo ƙazanta.

3. Ranka ya daɗe, gyare ba ya kawo ƙuda. Dusa busasshiya nake ba su, da ɗan ganyen zogale wanda nake kwashewa kafin la'asar. Na rufe kowace randa da tsohon gidan sauro. Shekara uku da rabi ban ga tsutsa ko ɗaya ba.

4. Abin ya faro ne bayan azumi, da aka yi wa'azi a unguwa cewa ciyar da duk mai rai lada ne. Tun ranar matan makwabta suka tuna da gyarena. Zaurena ba ya da ƙyaure. In na tafi masallaci sai na dawo na tarar an ɗaga gidan sauron an zuba sauran tuwo da miyar kuka, wata rana ɗanwake har da mansa, wata rana fura. Ga damina. Kwana biyu abin yake yi ya fara motsi.

5. Na gaji, ranka ya daɗe. Kullum ina kwashe gyare ɗaya bayan ɗaya, in ƙone kwalayen ƙwan da suke ɓuya a ciki, in wanke randa da toka, in shanya, in canja yashin da suke yin ƙwai a ciki. Kafin in miƙe bayana an sake zubawa. Feshi kuwa ba zai bambance ƙuda da gyare ba, kuma hawainiyar da ta lashi ƙudan da ya sha magani ba za ta kwana ba.

Don haka ina roƙon a dakatar da feshin ranar 24 ga wata, a ƙara mini mako biyu. Sannan a taimake ni da takarda mai hatimi, wadda ta hana zuba dafaffen abinci a randunan, in manna a ƙofar zaure. Ina roƙo kada a sa sunan kowa, kada kuma a nuna daga wurina abin ya fito.

Na san za a ce me ya hana ni faɗa musu da bakina. Wadda ta fi kowa zubawa ita ce Hajiya Batulu, makwabciyata. Tun rasuwar iyalina, shekara shida, kwanonta bai taɓa fashin zuwa gidana ba. Ba ni da bakin da zan ce mata alherinta tsutsa yake zama. Hukuma tana da shi.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da idon rahama.

Naka mai biyayya,
Malam Bahago Labaran