Kwamfutar Marigayi Ɗana Ta Cika, Kuma Muryarsa Tana Ciki

Malama, don Allah ki agaza mini, abin ya fi ƙarfin ilimina. Ni dattijo ne a Zaitawa, ina sayar da robobi a Ƙofar Wambai. Boko sai da na yi furfura na koya a ajin yamma, shekarar da soja suka miƙa mulki, ki yi haƙuri da rubutuna.

Makon jiya aka yi sunan jikana na fari. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta, duk wanda ya zo rumfa sai na tsare shi da labari. To amma yaron bai tarar da ubansa ba. Ɗana Jibrin ya rasu a haɗarin mota wata biyar kafin haihuwar, sunansa muka mayar wa jaririn.

Jibrin ya bar kwamfuta. A ciki akwai hotunansa, da karatun Alƙur'ani da ya ɗauka da muryarsa, izu goma sha biyu. Burina yaron ya girma ya ji ubansa. Da mai hoto ya kawo bidiyon suna, na so in ajiye shi kusa da na uban, sai kwamfutar ta ce babu wuri. Na duba, ban ga abin da ya cika ta ba. Na ga wata jakar ajiya a cikinta mai sunan Turanci, na zaci tarkace ne, na goge, har na zubar da kwandon sharar kwamfutar. Ashe hotunan auren Jibrin ne. Matarsa Husaina ba ta sani ba, na kasa haɗa ido da ita.

Sauran abin da ke ciki kuma wa'azi ne da karatun malamai birjik. Mu da ko takarda mai sunan Allah muka gani a ƙasa sai mun ɗauke, yaya zan jefa aya cikin kwandon shara, ko da na kwamfuta ne? An ce akwai manhajar da ke nuna abin da ya cinye wuri. Wacce ce? Ba za ta ci muryar ba?

Kaka mai fargaba, Zaitawa

Baba, Allah Ya jiƙan Jibrin, Ya raya mai sunansa.

Da farko, kashe kwamfutar. Kada bidiyon suna ko wata manhaja su shiga tukuna. Abin da aka goge yakan zauna a ɓoye har sai sabon abu ya hau kansa, saboda haka wataƙila hotunan auren su dawo. Ban yi maka alkawari ba. Ka kai kwamfutar wajen mai gyara amintacce, ka zauna a gabansa. Ya fara kwafe karatun Jibrin a faifan waje, wato ma'ajin da ake jonawa a jikin kwamfuta, guda biyu, sannan ya nemi hotunan.

Manhajar da kake tambaya akwai ta iri-iri, kyauta. Takan zana cikin kwamfutar kamar rumfunan kasuwa, babban abu babban gida, ƙarami ƙarami. Nunawa take yi, sai ka umarce ta take gogewa. Ina kyautata zaton bidiyoyi da abubuwan da aka ajiye sau biyu za ka tarar, domin murya ba ta cin wuri sosai. Abin da ba ka gane ba, bar shi.

Batun ayoyi, girmamawarka abin yabo ce, amma hukuncin na malamai ne, ka tambayi limaminku. Kafin nan ba dole ka goge ba, mayar da su faifan waje.

Sai mai nauyin. Kai uba ne, Husaina kuma mijinta ne, hotunan nata ne kafin su zama naka. Ka faɗa mata da bakinka kafin a je wajen mai gyara, kuma faifai ɗaya ya zauna a hannunta. Za ta yi kuka. Gara ta yi shi a gabanka da ta buɗe wata rana ita kaɗai ta ga wayam.

Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ka tsawon ran da za ka kunna wa yaron karatun da hannunka.

Malama Larai