Na Motsa a Cikin Injin Hoto

Jakara, Kano

Gwaggo Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki, ya yara? Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma.

Ranar da aka saka ni a injin hoton ƙwaƙwalwa saboda ƙarin da ke kaina, an ce kar in motsa. Amma Kaka ta ce in yi ta karanta Ayatul Kursiyyu. Kin san yadda muka saba a Islamiyya, ba ma karatu sai da rangaji. Ina kwance bakina na motsi, kaina ma yana bi.

Likita ya nuna wa Baba hoton, wasu zaruruwa masu launi. Ya ce hanyoyin magana ne na ƙwaƙwalwata, su zai kauce wa ranar da zai yi mini aikin tiyata. Wai hoton ya yi dishi-dishi, amma kwamfutar da aka horar da ita da hotunan dubban mutane ta gyara shi. Gwaggo, in hanyar wasu ta zana a kaina fa? In aka yanka inda bai kamata ba, na tashi bebiya?

Ke da kike aiki a ɗakin hoto, don Allah ki gaya mini gaskiya.

'Yarki,
Na'ima

Zariya

Na'imatu sarkin kunya,

Wa alaikis salam, muna lafiya. Ke da Kaka kun ba ni dariya, daga baya kuma na ga abin ba na wasa ba ne.

Kwamfutar nan ta iya aikinta, kullum ina gani. Sai dai kusa da ƙari hanyoyin kan karkace, a nan tana iya zana abin da ta saba gani. Likita bai san irin motsin da kika yi ba, ke kika sani. A gaya masa, shi zai ga ko sai an sake hoton. Karatu kuwa, Allah yana jin na zuci.

Ki gaida Yaya da Ummanki.

Gwaggonki,
Uwani

Jakara

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa wa Baba. Ya ce likita ya fi mu sani, kuma in an sake hoto za a ɗaga ranar aiki, shi kuwa ciwon kan nan nawa ya hana shi sukuni. Ban musa masa ba.

Litinin za mu koma asibiti. Ban taɓa yi wa likitan magana ba, Baba ne ke amsawa ina kallon ƙasa. Wannan karon ni zan faɗa masa da bakina. Gara in yi maganar tun ina da ita.

Ki sa ni a addu'a.

Na'ima