Addu'ar da Umara Ya Yi wa Mudassir

Difa, 2 ga Disamba, 2020

Yaya Hafiz,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mutanen Damagaram? Inna tana gaishe ka.

Jiya Umara ya shigo gidanmu. E, shi dai, shugaban 'yan bangan da suka ɗauke Mudassir daga gonar tattasai a Tumur shekara huɗu ke nan, wai yana sayar wa mutanen daji mai. Yanzu takarar konseye yake yi, wato kansila. Ya kawo wa Inna turmin atamfa mai hotonsa, ya durƙusa har ƙasa. Da zai tashi sai ya ce, "Allah ya jiƙan Mudassir."

Yaya, wa ake yi wa wannan addu'a? Ba shi ne ya yi ta cewa ɗan'uwanmu ya tsallaka kogi da ƙafarsa ba? Matarsa Hasna tana bayan ƙofa, ta ji. Shekara huɗu ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Ka zo mu tambaye shi. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ƙanwarka,
Zuhura

Damagaram, 9 ga Disamba

Zuhura,

Wa'alaikumus salam. Na karanta, na kasa cin abinci.

Amma kin manta taron sulhun bara? Dattawa suka ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya ya dafa Alƙur'ani, a kan ba za a sake tayar da abin da ya wuce ba. Ni na dafa wa gidanmu. Na ɗauka zaman lafiya na saya mana, ashe bakinmu na ɗaure. Ki kai Hasna wurin liman, ko zai karɓi maganar nan a matsayin shaida.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki,
Hafiz

Difa, 20 ga Disamba

Yaya,

Salama. Mun je. Liman ya ce addu'a ba shaida ba ce, sai Umara ya faɗa da bakinsa a gaban mutum biyu. Umara kuwa ya ci zaɓe, an kwana biyu ana kiɗa a ƙofarsa.

Inna ta daina ajiye wa Mudassir tuwo. Ta ce ba ta neman a kama kowa, kuma ta yafe atamfar. Wurin da yake kwance kawai take so a nuna mata, ta je ta tsaya. Kullum sai ta tambaye ni ko ka amsa.

Me zan ce mata?

Ka huta lafiya.
Zuhura