Numfashin Rayan

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025
Ƙirji da nauyi, tari kaɗan. Jiya ɗana Bilyamin ya zo daga Sinnar da jikata Rayan, ba su kwana ba. Ta zo da ƙunshin balan-balan, ita "balona" take cewa, Hausar duk ta gudu daga bakinta, ni ma "Jiddo" take ce min maimakon Kaka. Ta hura uku, shuɗiya da ruwan ɗorawa da ja, har kumatunta suka yi kamar za su fashe, ta ɗaure min a ƙafar gado, ta bar sauran ƙunshin. "Jiddo, ka riƙe min. Kafin iskar ta ƙare mun dawo." Uban ya ce Juma'a ta sama, in hanya ta yi kyau.

Mu a yarinta mafitsarar ragon layya muke hurawa. Na gaya mata, ta toshe hanci.

Litinin, 10
Shuɗiyar ta fashe. Laifin rana ne, ta taga ta shigo ta same ta. Na rataya tsohon bargo a tagar.

Laraba, 12
Akuyar maƙwabciyata Hadizatu ta shigo ta kusa cinye guntun robar. Na tsince shi tas na binne, don jikokinta na rarrafowa nan, kome suka gani sai baki. Na matsar da murhun gawayi waje, can nake dafa jabanata, wato gahawa, yanzu. Farce ma na yanke.

Alhamis, 13
Ruwan ɗorawar ta bi 'yar'uwarta. Tsinken zana. Saura ja.

Lahadi, 16
Hadizatu ta kawo tuwon asida. Ta ce ranar Juma'a za a yi sunan jikanta, in ba ta sauran ƙunshin a ƙawata rumfa. Na hana. Ta ce, "Alhaji, mi kaka gadi haka? Ko masallaci ba ka zuwa, roba ce fa!" Na ce ba roba nake gadi ba. Ban ƙara ba, sai ta ce na fara ruɗewa. Wa zan gaya wa numfashin yarinyar ne a ciki?

Talata, 18
Jar ta yamutse kamar bayan hannuna. Na so in kwance in ƙara mata iska, sai na tuna in na ƙara ta zama tawa. Kuma ina ma iskar? Na gwada sabuwa guda, tari ya kwantar da ni har la'asar.

Juma'a, 21
Jiki da sauƙi. Tun hantsi nake ƙofa, kowace mota daga wajen kanal, hanyar ruwan noma, sai na miƙe. Jar ta koma kamar lemun tsami.

Bayan azahar na aika wa Hadizatu ƙunshin. Ajiyar ba ta da amfani, zafi zai manne su. Na kuma leƙa wajen sunan, don kawai in hana su ɗaurawa a rana da kusa da tukwane. Aka zaunar da ni, na ci nama, har na yi wa yara labarin mafitsara.

Sai da na dawo na ga ban rufe ƙofa ba. Jar tana nan dai a ƙafar gado. Na cire bargon, ɗakin ya yi duhu da yawa.

Rayan ba ta zo ba.